Man da Aka Ce Ba Zai Ɗebu Ba: Yadda Norwe Ta Tatsi Filin Troll

A shekarar 1979 kamfanin Shell ya haƙa wata rijiyar gwaji a Tekun Arewa, yamma da birnin Bergen na ƙasar Norwe, a inda zurfin ruwa ya haura mita 300. Aka taki sa'a, aka faɗa kan iskar gas jibge, mai yawan da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na duk gas ɗin da ke ƙarƙashin tekun ƙasar. Aka raɗa wa filin suna Troll. Nan da nan hankalin kowa ya koma kan yadda za a kai wannan gas kasuwar Turai. A 1986 aka ƙulla yarjejeniyar sayar da shi ga manyan kamfanonin nahiyar, majalisar dokokin Norwe kuma ta amince a fara aiki.

A ƙarƙashin gas ɗin akwai ɗanyen mai, amma ba wanda ya yi ɗokinsa. Yawa kam yana da shi. Yadda ya kwanta ne ya kashe wa mutane gwiwa. Ya bazu a fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, amma kaurinsa bai taka kara ya karya ba: a wani yanki na yammacin filin mita 22 zuwa 26, a yanki mafi girma da ke maƙwabtaka da shi mita 11 zuwa 13, a gabas kuwa bai wuce mita 4 ba, wani wurin ma babu ko ɗigo. A samansa gas ne, wanda kaurinsa ya kai mita 200 a wasu wurare, a ƙasansa ruwan gishiri. Hukuncin da akasarin masana suka yanke a farkon shekarun 1980 shi ne kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, a kwashi gas a bar man a inda Allah Ya ajiye shi.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan gano filin, wannan man da aka yafe ya mai da Troll filin da ya fi kowane samar da mai a Norwe. A lokacin ganiyarsa ana tatsar sama da ganga 400,000 a kowace rana, kuma jimillar abin da aka kwasa zuwa yau ta haura ganga biliyan ɗaya da rabi. Dutsen yana nan yadda yake, man bai ƙara kauri ba. Siffar rijiyar ce aka canza, tare da lissafin da ake yi kafin a haƙa ta, aka kuma samu hukumar da ta hana a yi gaggawa.

Abin da ya sa siririn mai ke da wuyar ɗiba

Mutane da yawa sun ɗauka mai yana kwance ne a wani tafki a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka abin yake ba. Yana maƙale ne a cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi, tare da ruwa da gas, kowanne ya kama matsayinsa gwargwadon nauyinsa: ruwa a ƙasa, mai a tsakiya, gas a sama. Miliyoyin shekaru suka yi a haka ba mai motsi. Da zarar an huda rijiya aka fara ja, matsin da ke kewaye da ramin sai ya ragu, duk abin da ke kusa ya nufo wurin. Dutse bai san wanne kake so ba, wanda ya fi saurin tafiya shi zai riga isowa.

A nan gizo ke saƙar. Gas ya fi mai saurin ratsa dutse nesa ba kusa ba, ruwa ma sau da yawa ya fi shi. Idan rijiya ta tsaye ce, kamar yadda aka saba haƙawa tun farkon wannan sana'a, to a shimfiɗa mai kaurin mita 13 iyakar abin da za ta taɓa na mai mita 13 ne, kuma ba za a buɗe dukkansa ba, dole a bar tazara sama da ƙasa. Duk man da ake so sai ya bi ta wannan 'yar ƙofa, don haka sai an ja da ƙarfi. Ja da ƙarfi kuwa yana sa gas ya yo tsini daga sama, ruwa ya yo tsini daga ƙasa, su haɗu a bakin rijiya. Cikin ɗan lokaci rijiyar da aka kashe wa maƙudan kuɗi don mai sai ta koma aman gas da ruwan gishiri, man kuma yana can gefe an tare masa hanya.

Duk wadda ta taɓa yaɗe man da ya taso a kan tukunyar miya ta san dabarar. Idan ta tsoma ludayi a tsaye, miya za ta ɗebo. Sai ta kwantar da shi, ta bi saman a hankali.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun a 1935 wasu masu bincike biyu a Amurka, Morris Muskat da Ralph Wyckoff, suka yi bayaninta da lissafi, daga nan aka fahimci cewa kowace rijiya tana da iyakar saurin da za a ja ta ba tare da an tsokano ruwa ko gas ba. Damuwar ita ce a siririyar shimfiɗa wannan iyaka ƙarama ce ƙwarai. A kan tudu, inda haƙa ke da sauƙin kuɗi, ana iya jera rijiyoyi masu yawa kowacce tana ɗigo kaɗan kaɗan. A tsakiyar teku mai zurfin mita 300, inda hayar jirgin haƙa na kwana ɗaya kaɗai dukiya ce, rijiya mai ɗigo asara ce tsagwaronta. Waɗanda suka ce man Troll ba zai biya ba, da kayan aikin zamaninsu, ba su yi ƙarya ba.

Rijiya ta kwanta

Tunanin a lanƙwasa rami ya bi shimfiɗar mai a kwance ba a Norwe aka fara shi ba. A 1982 kamfanin Elf na Faransa ya haƙa irin wannan rijiya a filin Rospo Mare da ke tekun Italiya, aka ga ta yi aiki. Hikimar a fili take: maimakon mita goma, rijiya za ta taɓa ɗaruruwan mitoci na mai, kowace mita ta ba da kaɗan, a haɗa ya zama da yawa, ba tare da an ja da ƙarfin da zai tayar da gas ba. Amma faɗa ba ta kai yi wuya ba. Ba wanda ya taɓa gwada wannan a yashi mai laushi irin na Troll, daga jirgi mai tangaɗi a kan igiyar ruwa, a shimfiɗar da kuskuren 'yan mitoci zai fitar da kai daga cikinta.

Kamfanin Norsk Hydro ne ya ɗauki kasadar. A ƙarshen 1989 ya haƙa rijiyar da ta kwanta tsawon mita 500 a yankin da man ya fi kauri, aka kawo wani jirgin ruwa mai sarrafa ɗanyen mai da adana shi, Petrojarl I, ya zauna a kanta kusan shekara guda yana ja. Tsawon wannan gwaji shi ne muhimmin abu. Gwajin kwana uku zai nuna maka rijiya tana ba da mai, amma ba zai gaya maka ranar da gas zai iso ba, balle yadda rijiyar za ta kasance bayan ya iso. Sakamakon ya zarce abin da aka zata. Aka sake gwadawa a yankin da man ya fi siranta, nan ma aka ga alamun nasara. A 1992 majalisa ta amince da aikin man, dandamalin Troll B ya fara aiki a watan Satumba na 1995, Troll C ya biyo baya a 1999, ana tura man ta bututu zuwa tashar Mongstad da ke gaɓar teku.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inda ake shimfiɗa rijiyar. Hankali zai ce a bi tsakiyar man, a yi nesa da maƙiyan biyu daidai wa daida. A Troll ba haka ake yi ba. Ana sauke ta can ƙasa, kimanin rabin mita sama da iyakar ruwa. Dalili kuwa shi ne maƙiyan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ruwa idan ya shigo ana iya zama da shi, a raba shi da mai a kan dandamali, a ci gaba da aiki. Gas kuwa idan ya ɓalle yakan cika bututu ya hana mai wucewa, kuma injinan da ke matsa shi a kan dandamali suna da iyakar abin da za su ɗauka. Da sun cika, dole a rage wa rijiyoyi ja. Saboda haka aka zaɓi ƙaramar masifa, aka kusanci ruwa don a guje wa gas.

Riƙe rami a wannan matsayi na tsawon kilomitoci, a zurfin da ya haura kilomita ɗaya ƙarƙashin ƙasan teku, aiki ne na gwanaye. A bayan bakin na'urar haƙa ana ɗaura wasu na'urori masu auna yadda dutse ke karɓar lantarki, domin ruwan gishiri yana wuce da lantarki cikin sauƙi, mai kuwa ba ya yi. Bayanin yana hawowa sama ta hanyar bugun matsi a cikin ruwan laka da ake haƙa da shi, masu lura su karanta, su ce a ɗaga kai kaɗan ko a sunkuya. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu na'urorin da ake karkatar da su alhali suna juyawa, abin da ya sa rami ya riƙa fita sumul kuma ya ƙara nisa. Duk da haka dutsen bai daina gardama ba. A cikin yashin mai laushi akwai jijiyoyin dutse masu tauri da ke cinye bakin na'ura ko su kautar da ita daga hanya. Yashin kansa ba ya riƙe jikinsa, sai an sa wa bututu rariyar ƙarfe don kada ya biyo mai ya toshe komai. Daga baya aka koma yi wa rijiya rassa: uwa ɗaya daga ƙasan teku, a can ciki ta rabu biyu, uku, har ma fiye, kowane reshe ya tafi kilomitoci. Akwai rijiyoyin da idan aka haɗa tsawon rassansu a cikin mai ya haura kilomita 10.

Filin da ke cikin kwamfuta

Ba wanda ya taɓa ganin shimfiɗar man Troll da idonsa, kuma ba wanda zai gani. Abin da ake da shi shi ne amsa-kuwwar sautin da ake harbawa cikin ƙasa, da guntayen dutsen da aka ciro daga rijiyoyi, da awon matsi, da lissafin abin da kowace rijiya ke fitarwa. Daga waɗannan ake gina filin a cikin kwamfuta. Ana yanka shi gida gida, dubban ɗaruruwa ko miliyoyi, kowane gida a rubuta masa yawan kafofin dutsensa, da sauƙin ratsa shi, da abin da ke cikinsa na mai da ruwa da gas. Sai manhaja ta riƙa lissafa abin da ke fita daga wannan gida ya shiga wancan, rana bayan rana, har shekara ashirin ko talatin masu zuwa.

Ƙa'idar da wannan lissafi ya dogara a kanta ba daga harkar mai ta fito ba. Wani injiniya ɗan Faransa, Henry Darcy, wanda ya yi aikin samar da ruwan sha ga garinsu Dijon, shi ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi, ya wallafa sakamakon a 1856. Shekara ɗari bayan haka, a shekarun 1950, masu lissafi a kamfanonin man Amurka irin su Donald Peaceman suka samo hanyoyin da kwamfuta za ta warware waɗannan lissafai. A farkon shekarun 1980 manhajoji na kasuwa irin su ECLIPSE suka fito, har abin ya zama kayan aikin kowane injiniyan filin mai.

Amfaninta shi ne tana ba ka damar yin kuskure da arha. A teku ba za ka haƙa rijiya hamsin don ka ga wadda ta fi ba. A kwamfuta kana iya haƙa ɗari biyar: wannan ka sauke ta mita ɗaya, waccan ka ƙara mata tsawo, ka matso da rassa kusa da juna ko ka nisanta su, ka ja da ƙarfi tun farko ko ka bi a sannu, ka ga abin da kowace dabara za ta tara a ƙarshe. Tambayar ko a mayar da gas ɗin da ya fito cikin ƙasa don a riƙe matsi, ko a sayar da shi, a nan ake fara amsa ta.

Sai dai siririyar shimfiɗa tana tona asirin malalacin lissafi. Idan aka yanka gidajen da kauri, a ce kowanne mita 10, to shimfiɗa mai mita 13 gida ɗaya ce da ɗan ɗori, kuma tsinin gas da ke saukowa ba zai bayyana ba sam. Kwamfuta za ta yi maka albishir da mai na shekaru, rijiya ta gaske ta fara aman gas tun ba a je ko'ina ba. Dole a yanka gidajen sirara ƙwarai a kusa da rijiya da kuma iyakokin ruwa da gas, abin da ke ninka aikin da lokacin da yake ci. Haka nan rijiya mai tsawon kilomita uku ba za a ɗauke ta a matsayin ɗigo ɗaya a kan taswira ba, ita ma sai an yanka ta gaɓa gaɓa an lissafa abin da ke gudana a cikinta.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan haɗari. Bayan fili ya yi shekaru yana aiki, ana gyara taswirar kwamfuta har sai ta maimaita tarihin da aka riga aka gani. Idan ta yi daidai, sai zuciya ta kwanta, a ce an gane filin. Amma taswirori goma mabambanta suna iya maimaita tarihi ɗaya, sannan kowacce ta faɗi gobe daban. Shi ya sa kamfanonin da suka san ciwon kansu suka koma gina taswirori masu yawa a lokaci guda, su duba faɗin saɓanin da ke tsakaninsu kafin su zuba kuɗi. A ganina darasin Troll a nan yake. Ba kwamfuta ce ta ci nasara ita kaɗai ba. Lissafi ya ce abu mai yiwuwa ne, aka kashe kuɗi aka gwada a teku kusan shekara, aka dawo da abin da aka gani aka gyara lissafin, sannan aka gina dandamali. Kowace sabuwar rijiya kuma ta zama jarrabawa ga taswirar, domin ramin da ya ratsa kilomitoci a kwance yana nuna inda aka yi daidai da inda aka yi shaci-faɗi. Injiniyan da ya fi yarda da hoton da ke kan allonsa fiye da awon da ya fito daga rijiya, ya kama hanyar jawo wa kamfaninsa asara.

Dunduniya da yatsa

Da rijiyoyi suka ƙara tsawo, sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Masu sana'ar suna kiran inda rami ya fara kwanciya dunduniya, ƙarshensa kuma yatsa. Man da ya shigo daga yatsa sai ya yi doguwar tafiya a cikin bututu yana gogayya da bangonsa, don haka jan da ake yi daga sama ya fi ƙarfi a dunduniya, yana raguwa har zuwa yatsa. A dutse mai tauri wannan bambanci ba ya da wani tasiri. A yashin Troll, wanda mai ke ratsawa cikin sauƙi kuma ɗan ja kaɗan ya ishe shi, bambancin ya isa ya ɓata lissafi. Dunduniya ta yi ta zuƙa har ta jawo gas, yatsa yana can bai yi aikin kirki ba. Ka biya kuɗin kilomita uku, kana cin moriyar ɗaya.

Maganin da injiniyoyin Norsk Hydro suka fito da shi a farkon shekarun 1990 ya saɓa wa abin da aka saba: a takura wa mai hanyar shiga da gangan. A kowace gaɓar bututu, bayan rariya, aka sa 'yar matsattsar hanya da sai mai ya bi ta kafin ya shiga. Inda ke son zuba da yawa ya fi jin takurar, inda ke zuba kaɗan bai cika jin ta ba, sai jan ya daidaita daga dunduniya har yatsa. Girman waɗannan ƙofofi ba da ka ake zaɓarsa ba, daga lissafin kwamfuta yake fitowa, kuma da an sauke bututun ba damar sakewa. Yau ana amfani da wannan dabara a filayen mai na duniya, har da manyan filayen Saudiyya.

Amma ƙofa mai girma ɗaya tana jinkirta zuwan gas ne kawai. Ranar da ya iso, zai bi ta ya wuce. Saboda haka aka ƙirƙiro bawul mai sarrafa kansa, wanda aka fara sakawa a Troll a 2008. Ba waya, ba lantarki, ba mai ba shi umarni daga sama. Wani ɗan faifai ne ke yawo a cikinsa. Idan mai ne ke wucewa, kaurinsa yana ture faifan, hanya ta zauna a buɗe. Idan gas ne, gudunsa yana rage matsin da ke gefe ɗaya na faifan, sai ya tsotso shi ya matse ƙofar. Gaɓar da gas ya mamaye ta ja baya da kanta, sauran su ci gaba da ba da mai. A 2012 injiniyoyin kamfanin Statoil sun ba da rahoton wata rijiya mai reshe biyu, ɗaya da tsohuwar ƙofa ɗaya da sabon bawul, inda mai bawul ɗin ya tara mai da ya zarce na ɗan'uwansa da kusan kashi 20 cikin 100.

Ranar da gwamnati ta ce a'a

Duk wannan fasaha da ta tashi a banza in da an kwashe gas ɗin da wuri. Gas ɗin da ke sama shi ne ke danne man, shi ke riƙe matsin filin. Idan aka zuƙe shi, matsi ya faɗi, ruwan ƙasa ya turo man sama zuwa cikin busasshen yashin da gas ya bari. A can man yakan shafe jikin ƙwayoyin yashi ya maƙale, kuma mafi yawansa ya tafi ke nan har abada. Gas yana iya jira. Siririn mai ba ya jira.

Kamfani kuwa yana son kuɗinsa yau. A 2007 masu filin, ƙarƙashin jagorancin Statoil, sun zo da shirin ƙara yawan gas ɗin da ake fitarwa daga Troll, har da sabon bututu zuwa Turai. Hukumar kula da albarkatun mai ta ƙasar ta yi nata lissafin, ta ga za a yi asarar mai mai yawa. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta ƙi amincewa, duk da cewa ita ce mai kaso mafi tsoka a kamfanin. Sai a watan Agusta na 2021 aka fara kwasar gas ɗin da ke saman man yammacin Troll gadan-gadan, bayan an tatsi mafi yawan abin da zai tatsu. Watanni kaɗan bayan haka yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, Norwe ta zama ƙasar da ta fi kowa sayar wa Turai gas. Ba wanda ya hango wannan a 2007, kuma ba daidai ba ne a ce don shi aka jira. Amma gas ɗin da aka bari bai ruɓe ba.

Abin lura shi ne hukumar ta iya cewa a'a ne saboda tana da masananta da ke iya gina taswirar filin da kansu, su kalli na kamfani ido cikin ido. Cikin waɗanda suka kafa wannan al'ada akwai Farouk al-Kasim, masanin duwatsu ɗan Basra ta ƙasar Iraƙi, wanda ya koma Norwe a 1968, ya taimaka wajen tsara yadda ƙasar za ta tafiyar da harkar manta, ya kuma shafe kusan shekara ashirin yana shugabantar sashen albarkatu na hukumar. An san shi da matsa wa kamfanoni lamba kada su kwashi mai sauƙi su bar mai wuya. A yau Norwe tana fitar da kusan rabin man da ke cikin filayenta, alhali a duniya abin da aka saba samu bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu ne dumu-dumu. Bayan da aka samu mai a Oloibiri a 1956, a hankali yankin Neja Delta ya zama mai ciyar da asusun da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata, daga Bayelsa har Yobe. Filayen yankin shimfiɗu ne na yashi da laka, wani kan wani, tsage-tsagen ƙasa sun yayyanka su, kuma da yawa daga cikinsu siffarsu ke nan: gas a sama, siririn mai a tsakiya, ruwa mai ƙarfi a ƙasa. Injiniyoyin Najeriya sun daɗe suna gabatar da bincike a kan wannan a tarukansu na shekara shekara, kuma an daɗe ana haƙa rijiyoyin kwance a yankin. Ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar.

Abin da ya sa maganar ta zama ta yanzu shi ne ƙasar ta juya akalarta ga gas. Kamfanin sarrafa gas na Bonny yana lodi tun 1999 kuma ana faɗaɗa shi. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas. Arewa tana zuba ido ga bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da fatan ya farfaɗo da masana'antu ya kawo wutar lantarki. Duk wannan gas daga wani dutse zai fito, kuma wani ɓangare na gas ɗin yankin yana zaune ne a kan siririn mai. A lokaci guda manyan kamfanonin waje suna sayar da tsofaffin filayensu: na Agip ya koma hannun Oando, na ExxonMobil da ke cikin teku kusa da gaɓa ya koma Seplat, na Shell da ke kan tudu ya koma Renaissance. Wanda ya ci bashin banki ya sayi fili zai so abin da ke kawo kuɗi da wuri, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ba kuma ina cewa a kwafi Troll ido rufe ba ne. Troll shimfiɗa ce ɗaya makekiya da za ta ɗauki rijiya mai kilomita biyar. Filayen Neja Delta ƙanana ne, a rarrabe, wani ba zai ɗauki rabin haka ba. Akwai inda man ya yi sirantar da duk dabarar duniya ba za ta sa ya biya ba, a can kwasar gas ita ce daidai. Akwai inda za a iya jan mai da gas tare idan an auna saurin kowanne. Ƙasar da ke kwana cikin duhu kuma ba za a ce mata ta jira shekara goma sha huɗu kamar Norwe ba tare da an lissafa abin da jiran zai ci ba. Abin da ake nema shi ne a yi lissafin kafin a buɗe bawul, fili bayan fili, kuma hukumar NUPRC, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa alhakin amincewa da tsarin raya kowane fili, ta kasance tana da mutanen da za su iya sake lissafin da kansu.

Irin waɗannan mutane a jami'o'i ake yin su, kuma kayan koyon sun fi sauƙin samu yanzu. Manhajar OPM Flow, wadda kamfanin Equinor, magajin Statoil, da cibiyoyin bincike na Norwe suka taimaka aka gina, kyauta ce ga duk mai intanet. A 2018 kamfanin ya saki bayanan filinsa na Volve don ɗalibai da masu bincike su yi aiki da su. Ɗalibin injiniyan mai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci, ko wanda Asusun PTDF ya ɗauki nauyin karatunsa, yana iya sauke su ya fara gina fili a kwamfutarsa tun kafin ya taɓa taka dandamali. Malamai su sa wannan a cikin darasi, 'yan majalisar da ke kwamitocin mai da gas kuma su riƙa tambayar hukumar, duk lokacin da aka kawo shirin kwasar gas daga wani fili, ganga nawa ta mai ke ƙarƙashinsa da kuma abin da aka tanadar mata.